Ɗakin Duhu da Wayar Aljihu: Wa Ke Ƙarasa Hoto, Me Kuma Ke Saura?

Lacca da aka gabatar a Yamai gaban masu ɗakunan hoto, ɗalibai da ƴan jarida



Mai girma shugaban wannan zama, malamaina da ke sahun gaba, iyayenmu masu ɗakunan hoto da suka rufe shago da la'asar ɗin nan don su zo, ɗalibai, ƴan jarida, ƴan'uwa maza da mata, barkanmu da war haka. Ƴan'uwanmu Zabarmawa, fofo. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama da suka ba ni lasifika, alhali a cikin zauren nan akwai dattawan da hannunsu ke cikin ruwan wankin hoto tun kafin a yanke mini cibiya. Iyayena, ku ne masu abin, ni aron bakinku na yi.

An ce in yi magana a kan hoton baƙi-da-fari da ake wankewa a ɗakin duhu, da hoton dijital na yau. Na lura da yadda aka zauna: masu furfura a dama, masu waya a hagu, kowane ɓangare na jiran in ce gwaninsa ya kayar. To, ku yi haƙuri da ni. Gardamar wanne ya fi kyau ba ta ƙarewa, kowa da idonsa. Tambayoyi biyu na zo da su. Bayan an danna, wa ke ƙarasa hoton? Bayan shekara 50 kuma, me jikanka zai riƙe a hannunsa? Zan bi ta kansu da batutuwa shida.

Na ɗaya: abin da ke faruwa a bayan labule

Yawancin matasan da ke nan ba su taɓa leƙa ɗakin wanki ba, saboda haka bari in shigar da ku. Fim siririyar roba ce da aka shafe fuskarta ɗaya da danƙo, danƙon kuwa daga ƙashi da fatar dabba ake dafa shi. A cikin danƙon akwai ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. I, azurfa dai ta zobe da munduwa. Haske ya shigo ta idon kyamara na ƙiftawar ido, ya taɓa ƙwayoyin nan, ya bar musu alamar da ido ba ya gani. Mai hoto ya dawo daga biki da fim a aljihu, bai san ko ya samu ko ya rasa ba.

Cikin duhu dunɗum, da lalube, zai naɗe fim ɗin ya sa cikin gwangwani mai murfi. Ruwa na farko ya mai da ƙwayoyin da haske ya taɓa baƙar azurfa. Ruwa na biyu, mai tsami, ya tsayar da aikin na farko. Ruwa na uku ya narkar da ragowar gishirin da haske bai taɓa ba, don kada hoton ya ci gaba da baƙaƙewa in an fito da shi sarari. Wani masani ɗan Ingila, John Herschel, shi ya gano sirrin wannan ruwa na uku a 1819, shekara 20 kafin a bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto ta Daguerre a birnin Paris a 1839, kuma har yau shi da danginsa ake zubawa a tire. Abin da ke fitowa shi ne dodon hoto, kilishe, inda farar riga ta koma baƙa, baƙar fuska ta koma fara.

Rabin aiki ke nan. Sauran rabin shi ne wanda muka taru dominsa. A kunna jar fitila, don takardar hoto ba ta jin jan haske. A sa kilishe cikin na'urar faɗaɗawa, ta jefo hoton ƙasa kan takarda. Mai wanki ya yanki guntun takarda ya gwada: nan daƙiƙa 4, nan 8, nan 16, ya duba inda fuska ta fito da rai. Sa'an nan ya ɗauko cikakkiyar takarda. Yayin da hasken ke sauka, sai ya sa tafin hannunsa, ko ɗan kwali a bakin waya, ya tare wa wani sashe haske don kada ya yi duhu. Ya dunƙule hannu ya bar ƴar kafa, ya ƙara wa wani sashe don ya nuna. Sai takarda ta shiga tire, fara fat. A jijjiga a hankali. Cikin minti ɗaya zuwa biyu ido ya fito, hanci ya fito, mutum ya tsaya a gabanka. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofi ya ga marini ya tsamo zane daga baba, ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gaban idonsa, ya san abin da nake nufi. Kuma yadda marini ke sanin lokacin tsamowa ba da agogo kaɗai ba, haka mai wanki.

Yanzu ku ɗauko wannan aiki ku ajiye shi a Yamai. Takardun da ke zuwa tare da sinadaran sun ce ruwan ya tsaya a digiri 20. Digiri 20! A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40, ruwan famfon da ya yini cikin bututu a rana yana iya dama koko. Ruwa mai zafi yana gaggauta wanki, hoto ya yi tsauri, danƙon ya yi laushi har ya saɓule daga jikin fim. Shi ya sa aikin ya zama na dare da asuba, na randa da ƙanƙara. Sanyi ya shigo, a ce an huta? Ina! Sai hunturu ya kawo ƙura. Kowace ƙwayar ƙura da ta zauna kan kilishe farin ɗigo ce a kan hoto, sai an bi ta da siririn buroshi an cike. Ga wankin ƙarshe: takarda mai kauri tana son kusan awa ɗaya cikin ruwa mai gudu kafin ragowar sinadari ya bar ta. In an yi mata gaggawa, sai bayan shekaru ta rama. Hoton da kuka gani a akwatin kaka ya koma ruwan ɗorawa, sau da yawa ba tsufa kaɗai ya mai da shi haka ba. Ranar da aka wanke shi, mai hoto na sauri, ko ruwa ya yi wuya.

Na biyu: wa ya rufe ɗakin duhu a garin nan?

Da yawa za su ce waya ce. Ni na ce waya gawa ta tarar, ko aƙalla majinyaci da ya daɗe a kwance.

Mu ɗauki Philippe Koudjina. An haife shi a Kotonu a 1940, ya zo Yamai yana saurayi a daidai lokacin da ƙasar nan ke shirin karɓar ƴancinta na 3 ga Agusta 1960, ya buɗe ɗakin hoto mai suna Photo Souvenir, ya rasu a nan Yamai a 2014. Shi ya bi dararen garin nan na shekarun 1960 da 1970 da kyamara: wuraren rawa, makaɗa, samari masu wando buje, ƴanmata da adonsu, sojoji, ma'aikatan gwamnatin Diori Hamani da suka karɓi albashi suka fito shan iska. Garin da aka buɗe wa gadar Kennedy a 1970, wanda kuɗin yuraniyom na Arlit ya fara shigowa daga 1971. Wanda ke son ganin fuskar waccan Yamai, mafi yawanta a baƙi-da-fari zai same ta. Abin da Koudjina ke yi a nan, shi Malick Sidibé ke yi a Bamako, Sory Sanlé kuma a Bobo-Dioulasso. Sidibé kan kwana yana zaga bukukuwan samari, ya dawo ya wanke kafin gari ya waye, ya manna ƙananan hotuna a kan kwali, masu biki su zo su zaɓa. Kyamarorin zamanin, irin su Rolleiflex da Yashica masu ido biyu, da ake rataya a ƙirji a leƙa ta sama, hoto 12 kawai fim ɗinsu ke ɗauka. Mai harsashi 12 ba ya harbin iska.

Me ya faru? A shekarun 1980 injin wanke hoto mai kala ya bazu a biranen Afirka ta Yamma, da yawa a hannun ƴan kasuwa daga Koriya. Ka ba shi fim ta nan, cikin awa guda hotuna su fito ta can. Daga ranar, duk yaron da ya iya sayen ƙaramar kyamara mai fim na hoto 36 ya zama mai hoto. Ba ya bukatar shago, ba ya bukatar jar fitila, ba ya bukatar shekarun koyo a ƙarƙashin maigida. Ya tsaya a bakin wurin biki ya ɗauka, ya ruga wurin injin, ya dawo kafin a watse. Amarya kuma tana son a ga launin zanenta, wa zai ga laifinta? Maigidan da ya san sirrin tire uku ya wayi gari sirrinsa ba mai saye. A daidai lokacin farashin yuraniyom ya faɗi, aljihun gari ya huce. Sa'an nan a watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake saye da sefa 50 ya koma 100. Fim, takarda, sinadari, kwan fitila, ba wanda ake yi a ƙasar nan. Abin da ya riƙe ɗakunan da suka saura shi ne hoton katin ɗan ƙasa da na fasfo da na jarrabawa, kuma shi ne dijital ya zo ya ɗauke daga ƙarshe.

A waje ma labarin akwai ban mamaki. Kyamarar dijital ta farko a cikin kamfanin Kodak aka haɗa ta, sarkin fim na duniya. Wani matashin injiniya, Steven Sasson, ya harhaɗa ta a 1975: nauyinta ya haura kilo uku da rabi, hotonta ɗigo 10,000 kacal, baƙi-da-fari, kuma tana cin daƙiƙa 23 kafin ta rubuta shi a kaset. Kamfanin ya ci gaba da sayar da fim. A 2004 kamfanin fim na Ilford a Ingila ya durƙushe, a 2005 sashen hoto na Agfa ya bi shi, a shekarar ce kuma Kodak ya daina yin takardar baƙi-da-fari, a Janairu 2012 shi kansa ya je kotu neman kariya daga masu binsa bashi. Ilford dai ya miƙe, manajojinsa suka saye shi, har yau yana yin fim da takarda a Mobberley. Kamfanin Foma ma na yi a ƙasar Cek. Wato kayan ba su ƙare a duniya ba. Sai dai a yi odarsu daga nesa, su iso da tsada, a nema musu firji.

Na uku: wanda ya wanke shi ya ƙarasa

A nan zan ɗan daɗe, don nan ne zuciyar maganata.

Ku kawo a ranku Alhaji baƙi wuluk, cikin farar babbar riga mai aska takwas, da farin rawani, tsaye a rana tsaka ranar Sallah. Duk mai hoto da ke zauren nan ya san ba abin da ya fi wannan wuya. In ka auna haske don riga, fuska ta nutse, sai haƙora. In ka auna don fuska, riga ta ƙone, aikin da maɗinki ya yi wata uku yana yi ya ɓace. Mai wankin hannu yana da magani: ya tare wa fuska haske na ƴan daƙiƙu, goshi da kumatu su fito da sheƙinsu; ya ƙara wa riga, askar ta bayyana zare-zare. Hoto ɗaya, auna biyu, da tafin hannu. Injin kala ba ya haka. Yana haɗa hasken hoton gaba ɗaya ya raba tsakiya. Kuma shekaru da dama katin gwajin da Kodak ke aika wa ɗakunan wanki don daidaita launi yana ɗauke da hoton Baturiya ne. Da fatarta ake saita inji, sa'an nan a wanke fuskar Alhaji da shi. Ku duba hotunan bikinku na shekarun 1990, ku ajiye su kusa da na iyayenku na 1970. A wanne fata ta fi kama da fata?

Kilishe ɗaya yana iya haihuwar hotuna da yawa da ba su yi kama da juna ba. Ansel Adams na Amurka ya ɗauki wani shahararren hoto na fitowar wata a kan ƙauyen Hernandez a 1941, ya yi shekaru gomiya yana sake wanke shi, sararin samaniyar na ƙara duhu daga bugu zuwa bugu. Wanne ne hoton na gaskiya? Duk nasa ne, don hannunsa ya ƙarasa su.

Amma ga labarin da ya fi kusa da mu, ya kuma fi ciwo. Seydou Keïta ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948. Yawancin hotunansa ƙanana ne, santimita 13 a 18, daidai girman kilishen, waɗanda ake sa wa a ambulan a aika wa dangi a ƙauye. A 1991 aka rataya wasu hotunansa a wani baje koli a New York ba tare da sunansa ba, aka ce mai ɗaukar ba a san shi ba. André Magnin, Bafaranshe mai yi wa attajiri Jean Pigozzi farautar kayan fasaha, ya sauka Bamako da kwafinsu, Malick Sidibé ya kalla ya ce ai aikin Keïta ne, ga gidansa can. Aka tafi da ɗaruruwan kilishe Paris, aka wanke su manya-manya, wasu sun haura mita, baƙinsu ya fi baƙi, farinsu ya fi fari. Duniya ta yi ta tafi, kuɗi ya shigo, Keïta ya sami sunan da ya cancanta kafin rasuwarsa a 2001. Bayan haka rikici ya tashi har gaban kotu kan wa ke da ikon kilishen, wane bugu ne kuma na gaske. Ni tambayata ita ce: hoton da duniya ta sani na Keïta, a Bamako aka ƙarasa shi ko a Paris? Wanda ke riƙe da kilishe, yake kuma riƙe da tire, shi ke faɗa wa duniya kamanninka.

To, ina dijital ya tsaya? Wayar da ke aljihunka ita ma ɗakin wanki ce, sai dai ƙofarta a kulle take. Ka danna sau ɗaya, ita ta ɗauki hotuna da dama cikin ƙiftawa, ta haɗe su, ta goge kurajen fuska, ta ƙara wa sama shuɗi, ta miƙo maka. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Itel da Infinix da suka cika Babbar Kasuwa, ya ci kasuwar Afirka ne har da cewa ya saita kyamarorinsa don baƙar fata. Madalla, ya fi katin Baturiya. Amma har yanzu wani injiniya ne a Shenzhen ta ƙasar Sin ya yanke yadda fuskar ƙanwata za ta fito, ba ni ba, ba ita ba.

Sai dai a nan dole in juya ga masu furfura in ce: Baba, dijital ya dawo muku da abin da injin kala ya ƙwace. Kyamara mai kyau, har da wasu wayoyin, tana iya ajiye ɗanyen hoto yadda haske ya shigo, ba gyara. A buɗe shi a kwamfuta, a tare wa fuska, a ƙara wa riga, daidai yadda kuke yi da tafin hannu, ba ƙanƙara, ba asuba, in an ɓata kuma a koma baya ba asarar takarda. Ƙofar a buɗe take. Matsalar ita ce yaron da ke da kwamfutar bai san me ake nema a fuska ba, dattijon da ya sani kuma ba ya taɓa kwamfuta. Suna gari ɗaya, wani lokaci gida ɗaya, ba su zauna ba.

Na huɗu: kada mu yi wa jiya kwalliyar ƙarya

Ana cewa hoton da gaskiya ne, na yau ƙarya. Dattawan nan na murmushi, don sun san fensirin da ake bin kilishe da shi a haska wa amarya fuska, a share wa Alhaji tamoji. A Tarayyar Sobiyet an goge Nikolai Yezhov daga gefen Stalin a hoto bayan an kashe shi a 1940, ba kwamfuta a duniya. Abin da kilishe ya fi da shi ɗaya ne: shi kansa yana wurin ranar da abin ya faru, hasken wurin ne ya taɓa shi, in an taɓa shi da fensir kuma ana gani. A zamanin da inji ke ƙirƙiro hoton mutumin da ba a taɓa haifa ba, wannan shaida ce mai tsada.

Ɗakin duhu kuma yana shan ruwa, ruwansa na uku in ya tsufa cike yake da azurfar da ke kashe kifi, lambatun garin nan kuwa kogi suke nufa. Dijital ya ba ɗan jarida a Diffa damar aiko hoto Yamai kafin shayinsa ya huce. Ya shigar da kyamara cikin gida, hannun mata, wurin kamu da lalle da suna, inda namiji mai hoto ba ya wuce zaure. Rabin rayuwarmu da kyamarar da ba ta gani ba, ta yau ta gani. Ba zan sayar da wannan don ƙanshin sinadari ba.

Na biyar: me ke saura?

A taimaka mini da ɗaga hannu. Wa ke da hoton kakansa na takarda a gida? Na gode, ku sauke. To, wa ke iya nuna mini hotunan da ya ɗauka da wayarsa ta farko? Kun ga yadda hannuwan suka ragu. Wayar ta faɗa ruwa, ko an sace ta, ko katin ya ƙi buɗewa, ko an manta kalmar sirri, ko mai ita ya rasu da lambobinsa a kansa. Ba a taɓa ɗaukar hoto a garin nan kamar yau ba, kuma ina tsoron yaron da aka haifa a 2010 zai girma da ƙarancin hoton ƙuruciyarsa fiye da wanda aka haifa a 1970.

Hoton azurfa da aka wanke da kyau yana haura shekara 100. Akwai na ƙarni na 19 da ake kallo har yau, ba caji, ba kalmar sirri, ido kawai. Hoton dijital shi ba ya tsufa ko kaɗan, kwafi na dubu daidai yake da na farko, amma sai an yi ta ɗaukarsa daga ma'aji zuwa ma'aji. Ranar da mai ɗaukar ya gaji, shi ke nan. Kada ku ce ai yana intanet. A 2019 kamfanin MySpace ya sanar cewa ya yi asarar abin da mutane suka ɗora masa na shekaru 12, waƙoƙi kusan miliyan 50, wurin sauya ma'aji. WhatsApp kuma, in ba ka umarce shi ba, matse hoto yake kafin ya aika. Hoton waya mai ɗigo miliyan 12 yana iya cika takarda mai santimita 34 a 25 tsaf. Wanda ya zaga rukunin dangi ya dawo, ka buga shi babba ka ga yadda fuska ke dagargajewa.

Takarda da kilishe su ma suna da maƙiya, kuma duk suna zaune a Yamai. Zafi da laima suna ruɓar da tsohon fim. In ka buɗe akwati ka ji tsami ya bugi hancinka, cutar ta kama, kuma tana yaɗuwa zuwa na kusa. Gara na cin takarda, fumfuna na cin danƙo. Ga wuta: Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982, Ƙaramar Kasuwa a 2012. Ga ruwa: a damanar 2020 kogi ya karya madatsa ya shiga Lamorde da unguwannin Harobanda. Akwatuna nawa ne ke ƙarƙashin gado a waɗannan gidaje? Kilishe ɗaya ne tak a duniya, ba shi da na biyu. Ga kuma maƙiyi na ƙarshe, magajin da bai san darajar abin ba, wanda ke share ɗakin marigayi ya kai buhu bola ko kasuwar Katako.

Kun ga inda na dosa. Raunin kilishe shi ne ba shi da kwafi. Raunin dijital shi ne ba shi da jiki. Kowanne maganinsa na hannun ɗan'uwansa.

Na shida: abin da za a iya farawa gobe

Wasu sun riga mu. A Mali, Jami'ar Jihar Michigan ta haɗa hannu da gidan adana hotuna na Bamako, aka tsabtace aka kwafe kilishe kusan 100,000 na masu hoto irin su Malick Sidibé, Abdourahmane Sakaly da Adama Kouyaté. A Kamaru, babban ɗakin karatu na Birtaniya ya ɗauki nauyin kwafe taskar Jacques Touselle na garin Mbouda. Mu ma muna da gidajen da aikin ya dace da su: Gidan Tarihi na Boubou Hama da ke tsaye tun 1959, Ma'ajiyar Takardun Ƙasa, cibiyar bincike ta IRSH a ƙarƙashin Jami'ar Abdou Moumouni, makarantar horar da ƴan jarida, da taskar hotunan jaridar Le Sahel. Aikin ba ya son jirgin sama. Fitila mai shimfiɗaɗɗen haske, kyamarar dijital mai kyau a kan ƙafa, safar hannu, da mutum mai haƙuri. Amma da sharaɗi, kuma labarin Keïta ne ya koya mana shi: kilishe ya zauna a hannun iyalan mai shi, a rubuta yarjejeniya kafin kwafi ɗaya ya ƙetare iyaka. Kuma a yi sauri a zaunar da dattijon kusa da allon kwamfuta ya faɗi wane ne wannan, wace unguwa, wace shekara, don hoton da ba suna rabin hoto ne.

Ina kuma roƙon a sami ɗakin duhu ko da ɗaya ne a garin nan don koyarwa. Ba ina cewa a koma sana'a da shi ba, kasuwarsa ta tashi, kada wani ya sayar da babur ɗinsa saboda laccata. Amma ɗalibin da aka ba fim mai hoto 12, ya kwana yana jiran ya ga abin da ya yi, ya ɓata takarda da kuɗinsa, zai koma kan dijital da ido daban. Malaman kuma ga su nan zaune a dama, ba sai an ɗauko su daga Paris ba.

Ku kuma masu waya, kowace shekara bayan Babbar Sallah ku zaɓi hotuna 20 ku kai a buga, daga asalin da ke cikin waya, ba wanda aka turo muku ba. Ku tambayi mai shago irin tawadarsa, don ta ruwan rini tana koɗewa da wuri, mai garin launi ta fi jimiri. Ku rubuta sunaye da shekara a baya da fensir, biro na ratsa takarda. Ku sa a ambulan, cikin akwati, a sama, nesa da bango mai laima. Asalin kuma ku ajiye shi wuri biyu, ɗaya ba a gidanku ba.

Shugaba yana duban agogo, na kuma ga an fara shimfiɗa tabarmin Magariba a waje.  Allah ya jiƙan magabatanmu na wannan sana'a, ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya. Fili naku ne don tambayoyi da gyara. Da izinin shugaba, ina roƙon a fara miƙa lasifika ga dattawan ɗakunan hoto, don ina so matasa su ji daga bakinsu yadda ake sauko da ruwan Afrilu zuwa digiri 20.